Shekara Goma Sha Ɗaya A Bayan Sakata

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Ranar Talata, tara ga watan Yuli, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, Allah Ya karɓi ran tsohon kyaftin ɗinmu, mai tsaron baya mai lamba biyar, wanda duk mai bin ƙwallon ƙafa ya fi sani da laƙabin Sakata. Ya rasu a asibiti bayan jinyar mako uku ta ciwon ƙoda, yana da shekara arba'in da bakwai. Ya bar mahaifiyarsa da maiɗakinsa da 'ya'ya uku.

Ina filin atisaye labarin ya same ni. Ina cikin buga wa masu tsaron gida ƙwallo sai aka miƙo mini waya, aka ce tun ɗazu take ƙara. Babbar 'yarsa ce. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ja zance ba. Ta ce, "Baffa, Abba ya cika." Na ce mata ga ni nan zuwa. Na tara 'yan wasa a tsakiyar fili na gaya musu, domin yawancin masu tsaron bayan da ke wurin shi ya koya musu aiki. Ɗaya bayan ɗaya suka zauna a kan ciyawa suna kwance igiyar takalmi.

Ni ne mai tsaron gidan da ya tsaya a bayansa shekara goma sha ɗaya, wasa sama da ɗari uku. Ni ba marubuci ba ne, kuma na san wasu za su rubuta abin da ya fi wannan tsari. Amma akwai abubuwan da sai wanda ya tsaya a raga yana kallon fili daga baya ne ya gan su, kuma ba na so in bar duniya ban faɗe su ba.

Kyaftin, da kai zan yi magana kai tsaye, domin tsakanina da kai ba a taɓa sa ɗan aike ba.

Ka riga ni zuwa ƙungiya da shekara uku, don haka farkon labarinka daga bakin Baba Koci na ji shi, tsohon da ya horar da mu duka, Allah Ya jiƙansa. Ya ce ka zo gwaji kana ɗan shekara goma sha tara, daga shagon waldar mahaifinka ka taho, da tabon tartsatsin wuta a hannu, kana cewa kai ɗan wasan gaba ne. An ba ka minti ashirin. Ka samu dama uku: ɗaya ka buga sama, ɗaya gefe, ta ukun ka miƙa wa mai tsaron gida a hannu kamar an aiko ka da ita. Amma duk lokacin da ƙwallo ta kuɓuce wa ɓangarenku, kai ne farkon komowa, kuma kana isa inda za ta faɗo tun ba a bugo ta ba. Baba Koci ya ja ka gefe ya ce, "Ɗana, cin ƙwallo ba naka ba ne. Amma ka san inda mai ci yake son tsayawa. Koma baya ka riƙa riga shi zuwa." Ka yi fushi, ka ɗauke ƙafa har mako guda. Mahaifinka ne ya koro ka, ya ce ko ka koma ka yi abin da malaminka ya ce, ko ka ɗauki baƙin tabarau ka zauna a shago. Ka koma. Shekara goma sha shida ka yi a wurin nan da aka nuna maka.

Laƙabin kuwa wani mai sharhin wasa a rediyo ne ya liƙa maka. A wani wasa da aka hana mu sakat tun daga farko har ƙarshe, ka tare ƙwallo ta biyar ko ta shida a bakin raga, sai ya ce, "An rufe ƙofa, an kuma danna sakata." Bai san ƙofofin ƙarfe ne sana'ar gidanku ba. Da mahaifinka ya ji, sai ya ce ko ba komai an tabbatar wa duniya ɗansa ne.

Masu kallo suna son mai tsaron bayan da zai zube ƙasa ya kwashe ƙwallo da mutum gaba ɗaya. Kai kuwa sau da yawa kakan gama minti casa'in wandonka tsaf. Ka sha gaya wa sababbin zuwa cewa in suka ga ka zube ƙasa kana neman ƙwallo, to makara ka yi, kada su tafa maka. Ba ƙafar ɗan gaba kake kallo ba, ƙugunsa kake kallo, domin a cewarka duk inda ƙugu ya juya nan mutum zai bi. Kana da wani ɗan littafi mai baƙin bango da kake rubuta halin kowane ɗan gaba a gasar: wane da hagu yake juyawa, wane in aka taɓa shi sau biyu zuciyarsa takan tashi, wane yana da gudu amma ba ya son a haɗu da shi a sama. Kafin kowane wasa kakan zauna kusa da ni a mota ka karanta mini shafin ranar, ko ina so ko ba na so.

Ga kuma baki. Ban taɓa wasa da mai surutunka a fili ba. Daga busar farko zuwa ta ƙarshe muryarka tana kunnena: "Gola, taka ce." "Bar mini." "Lamba uku, shigo ciki." Da an fito kuwa sai a yi tafiyar awa biyar ba ka ce komai ba.

A duk shekarun nan ƙwallo ɗaya ka ci wa ƙungiya, ka kuma ci gida sau uku, dukkansu ni ne a raga. Kakan ce babu ɗan wasan da ya san lagona kamarka. Ɗayar da ka ci a ragar abokan hamayya kuwa daga bugun kusurwa ne, ta daki bayan kunnenka ta shiga kana kallon wani wajen. Abokai suka biyo ka da gudu za su rungume ka, kai kuwa ba ka tanadi wata murna ba, sai ka ruga ka koma wurinka ka tsaya, hannu a ƙugu, kana jiran a take wasa. Sai da na taso daga raga na gaya maka cewa doka ba ta hana mutum dariya ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A shekarata ta huɗu muka kai wasan ƙarshe na kofi, karon farko a tarihin ƙungiya. Ana ɗaya da ɗaya, saura minti biyu a tashi. Ɗan gabansu ya biyo ka, ka juyo ka mayar mini da ƙwallo kamar yadda ka saba. Tun ba ta iso ba na ɗaga kai ina duba wanda zan bugawa. Ta bi ta ƙarƙashin takalmina, ta gangara a hankali ta shiga raga. Na bi ta da gudu, na faɗa cikin ragar tare da ita. Har yau ina tuna shirun da ɓangaren magoya bayanmu ya yi, da abin da ya biyo bayan shirun. An jefi motarmu da robobin ruwa. Wasu har cewa suka yi sayar da wasan na yi.

A ɗakin sauya kaya na zauna da tawul a kai. 'Yan jarida suna bakin ƙofa, ni suke jira. Kai a lokacin ba ka fi wata shida da ɗaura kambun kyaftin ba. Ka tashi ka fita, ka ja ƙofar a bayanka, muna jiyo muryarka daga ciki. Ka ce, "Ni na mayar da ƙwallon, kuma na buga ta da ƙarfin da ya wuce kima. Duk mai tambaya, ni zai yi wa." Washegari hotonka ne a jaridu, ba nawa ba, kuma rabin zagin ya koma kanka.

Duk wanda ya san ƙwallo ya san ba haka aka yi ba. Ƙwallon lafiyayya ce, a ƙafata ta dama ta zo, a kwance. Ni ma na sani, kuma sanin ya ƙara mini nauyi. Na kulle kaina a ɗaki, na aika wa Baba Koci cewa na bar wasa. Yayana yana da shagon gyaran babura, na yanke shawarar komawa can in koyi aiki.

A kwana na tara, da sassafe, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Kai ne, da ƙwallo biyu a jaka. Ka ce, "Sa takalminka." Na ce maka ni na gama. Ka ce, "Na ji. Sa takalminka, in mun dawo sai ka ci gaba da gamawar." Ka kai ni filin makarantar da ke bayan layinmu, ka ajiye duwatsu biyu a matsayin raga, ka yi nisa taku ashirin, ka fara mayar mini da ƙwallo. Dama, hagu, mai ƙarfi, mai tsalle. Ba ka yi mini wa'azi ba, ba ka lallashe ni ba. Da muka kai ɗari biyu ka tattara ƙwallayenka ka ce, "Gobe war haka." Haka muka yi har hutun kaka ya ƙare, mako shida cur.

Wasan farko na sabuwar kaka a gida muka yi shi, fili cike. Da aka ambace ni a lasifika aka yi mini ihun wulaƙanci. Aka take wasa. Ƙwallon farko da ta zo ƙafarka, babu mai bin ka, gabanka a buɗe, abokan wasa biyu suna ɗaga hannu. Ka taka ta, ka juyo, ka mayar mini. Na ji filin gaba ɗaya ya ja numfashi. Na tare ta, na buga ta gaba. Bayan minti uku ka sake. Kafin hutun rabin lokaci ka yi haka sau bakwai, har 'yan kallo suka fara dariya, daga dariya suka koma tafi. Baba Koci yana gefen fili riƙe da kai. Da muka shiga ɗaki ya ce maka, "So kake ka kashe ni?" Ka ce, "Baba, so nake su saba."

Shekara goma sha uku na ƙara a raga bayan wannan rana. Matar da na aura, gidan da nake ciki, aikin horarwar da nake ci da shi yau, duk daga nan suka taso. Bayan an daɗe na tambaye ka me ya sa ka ɗauki laifin da ba naka ba. Ka ce, "Ni in an zage ni zan yi barcina. Kai na duba na ga ba za ka iya ba." Iyakar abin da ka taɓa cewa a kai ke nan.

An kira ka tawagar ƙasa, ka buga mata wasa goma sha bakwai. Daga nan wata ƙungiya a ƙetare ta ɗauke ka, ka yi kaka biyu a can. Ta farko ka buga kusan kowane wasa, ta biyu ka fi zaman benci. Da ka dawo, mutane suka so ka ce an yi maka rashin adalci ne, ko kuwa kocin ne ba ya son baƙi. Ka ƙi. Ka ce, "Sun kawo wanda ya fi ni gudu, ya kuma fi ni ƙuruciya. In ni ne kocin, shi zan sa." Ka dawo mana da sababbin hanyoyin atisaye, da dokar shan ruwa da ta ishi kowa, da wata ƙatuwar rigar sanyi da ba ka sake samun ranar sa ta ba.

Jan kati ɗaya tak aka taɓa ba ka, kuma ba zan tsallake shi ba, domin ka tsani a yabi mutum a ɓoye rabinsa. Shekara guda da dawowarka muka je wasa waje, da wata ƙungiya mai ɗan gaba da ake kira Walƙiya, ɗan shekara ashirin da biyu, wanda a lokacin ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. Ya wuce ka sau biyu kafin hutu, a na biyun ya waiwayo ya yi maka 'yar dariya. Na ga wuyanka ya sandare. Na kira ka, ba ka juyo ba. Da ya zo na uku ka zube masa. Ka makara, kuma ka san ka makara. Daga raga na jiyo ƙarar karyewar ƙashi. Ba ka jira alƙalin wasa ya ɗaga kati ba. Ka cire kambu ka miƙa wa mai lamba takwas, ka bi bayan masu ɗauke da shi har bakin motar asibiti.

An dakatar da kai wasa shida. Shugabannin ƙungiya suka so ɗaukaka ƙara, ka ce kada su yi, hukuncin daidai yake. Duk ranar Litinin, ranar hutunmu, kakan tuƙa mota awa huɗu zuwa asibitin da aka kwantar da shi. A zuwan farko mahaifinsa ya tare ƙofa ya ce, "Ka gama abin da za ka yi a fili. Me kuma ya rage?" Ka ce, "Baba, babu abin da zan faɗa da zai gyara. Na zo ne kawai." Ka zauna a bencin baranda har lokacin ziyara ya ƙare, ka kama hanya ka dawo. Litinin ta biyu haka, ta uku haka. A ta huɗu na raka ka. Muna zaune sai ga tsohon ya leƙo, bai dubi fuskarka ba, ya ce, "Yana so a kai shi banɗaki, ni kuma bayana ba zai iya ba." Ka tashi ka shiga, ka ɗauke shi cak.

Walƙiya ya warke ya dawo fili, amma gudun bai dawo ba. Ya yi kaka uku a ƙananan ƙungiyoyi, ya ajiye. Ba ka taɓa yi wa kanka sassauci a kan wannan ba, kuma duk wanda ya ce maka ai tsautsayi ne, kakan ce masa, "A'a, fushi ne." Kai ka matsa masa ya shiga kwas ɗin horarwa, kuka zauna aji ɗaya, kuma yau yana jan ƙungiya a rukuni na ɗaya. Ranar jana'izarka shi ya fara isowa a cikin na nesa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ya karya mini ƙafa rana ɗaya, ya zo mini Litinin goma sha tara. Ni na daɗe da yafewa. Shi ne ya ƙi yafe wa kansa." Na rubuta wannan da izininsa, domin ya ce yana so a sani.

Kakar da muka ci gasar lig kana da shekara talatin da uku, gwiwarka ta hagu a naɗe da bandeji kowane wasa. Ƙwallo goma sha huɗu kacal aka zura mana a wasa talatin da huɗu, kuma mun yi wasa tara a jere ban sunkuya na ɗauko ƙwallo a raga ba. Ni aka ba kyautar gwarzon mai tsaron gida. Gaskiyar magana, akwai wasannin da na tashi ko gumi ban yi ba. Da na kawo maka kyautar na ce rabi naka ne, ka karɓa, ka juya ta, ka duba ƙasanta, ka ce waldar ba ta yi kyau ba, ka mayar mini.

Ajiye takalmi ma ba wanda ya gaya maka. Kana shekara talatin da biyar, a wani wasa da ba shi da wani muhimmanci, wani ɗan gaba da ba a ma san shi ba ya riga ka zuwa ƙwallo biyu da ka san inda za su faɗo. A hutun rabin lokaci ka ce wa Baba Koci, "Idona yana gani, ƙafata ba ta zuwa. Sa wanda ke benci." Ka ƙarasa kakar kana zaune a gefe kana gyara wa wanda ya gaje ka tsayuwa, ka kuma ba shi ɗan littafinka ya kwafa. Daga nan ka yi shekara goma sha biyu kana horar da masu tsaron baya. Biyar daga cikin waɗanda suka bi ta hannunka sun sa rigar ƙasa. Duk wanda ya ga ɗayansu a fili ba sai an gaya masa wa ya koya masa ba.

Kana da taurin kai, kuma ba zan ɓoye ba. Mun taɓa yin wata biyu ba ma magana a wajen fili, a kan mutum nawa ya kamata a jera a katanga a wani bugun tazara da aka ci mu. Ni na ce huɗu, kai ka ce uku. A fili kana kira na kamar kullum, da an tashi sai ka wuce ni kamar ba ka taɓa gani na ba. Malama, maiɗakinka, ita ta gaji. Ta gayyace ni gida ba da saninka ba, ta ajiye mana faranti ɗaya, ta kwashe yara ta bar mana falon. Muka ci rabin abincin. Can sai ka ce, "Uku dai." Na ce, "Huɗu." Ka turo mini naman da ke gabanka. Har ka koma ga Allah ba mu daidaita a kan lissafin nan ba.

A gida kai ke guge kayan makarantar yara ranar Lahadi da yamma, kuma ba ka yarda wani ya taɓa dutsen gugar. Lambobin yabonka suna cikin aljihun tebur tare da tsofaffin batura da makullan da ba a san ƙofarsu ba. Babban hoton da ke bangon falo na ranar da Malama ta kammala digirinta ne. Babbar 'yarka ta zaɓi karatun kula da masu raunin ƙashi da jijiya ne saboda ta tashi tana ganin yadda kake saukowa daga bene da baya-baya, riƙe da ƙarfe. Duk Juma'a kuma kana wurin Inna, mahaifiyarka, kana yanke mata farce, tana yi maka faɗa a kan ka rame.

Ranar Lahadin ƙarshe na je duba ka da la'asar. Ɗaki ne mai gado huɗu, naka na kusa da ƙofa, taga tana can ƙarshe. Ƙafafunka sun kumbura, fuskarka ta zabge, amma idonka yana nan yadda na san shi. Likita ya ce ka riƙa ɗan motsawa in za ka iya. Ka ce, "Gola, kama ni." Na ɗaga ka, ka dafa kafaɗata, muka nufi taga. A taku na goma numfashi ya ƙi. Malama ta jawo kujera, amma ba ka zauna ba sai da ka auna abin da ya rage da ido. Ka ce, "Saura huɗu. Gobe biyu, jibi biyu." Ranar Litinin na dawo, muka yi goma sha biyu cif. Da na mayar da kai gado ka riƙe ni ka ce in yafe maka duk ihun da ka yi mini. Na ce babu komai tsakaninmu sai alheri, ni ma ka yafe mini. Ka ce ka yafe, ka kuma ce gobe in an tashi atisaye in zo da wuri, kada in tsaya hira. Ina da niyyar zuwa da wuri, Kyaftin. Kiran Ubangijinka ne ya riga ni.

Ba na rubuta wannan cikin ruɗewa. Zuciyata tana ciwo, amma a natse take, domin na san shaidar da zan bayar a kanka, kuma ba ni kaɗai zan ba da ita ba. Na zauna da kai a mota, a ɗakin sauya kaya, a ranar ɗaukar kofi da ranar jifa. Ban taɓa ganin ka jingina laifinka ga wani ba. Na ga ka ɗauki na wani. Na ga inda ka yi kuskure, na kuma ga iyakar abin da ka yi don ka gyara. Da wannan zan tsaya a ko'ina aka tambaye ni.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka, ba shi da kowa sai Kai. Ka gafarta masa abin da muka sani da abin da Kai kaɗai Ka sani. Ka sa jinyar da ya yi ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Yadda ya rufa wa bayinKa asiri a duniya, Ka rufa masa nasa ranar tsayuwa, Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Inna, ina miƙa miki ta'aziyya da gwiwa a ƙasa. Kin haifi ɗa, kin kuma yi tarbiyya. Allah Ya ba ki ladan haƙurin da ba kowace uwa ake jarraba da shi ba. Malama, mun ga tsayuwar da kika yi mako uku ba ki gaji ba. Allah Ya saka miki, Ya sanyaya miki zuciya, Ya zama gatanki. 'Ya'yana uku, mahaifinku mutumin kirki ne, kuma duk inda kuka shiga kuka ambace shi, za ku ga an gyara zama. Baffanku yana nan, lambar wayata ba ta canja ba, kuma ba sai da dalili za ku kira ba. Ga 'yan'uwansa da abokan wasansa da ɗalibansa da dukkan magoya baya, Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Allah Ya jiƙanka, Kyaftin. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen, Ya haɗa mu da kai a gidan aminci. Amin.